Dukushin da ya ƙi linzami: yadda aka yi fama da shi daga Janairu 2023 zuwa babbar Sallar 2024

## Asalin lamarin

Mai dokin ɗan kasuwa ne a wani gari na ƙasar Zazzau, hatsi da taki yake sayarwa, kuma gidansu gidan hawa ne tun kakanni, duk Sallah sai sun fita a tawagar hakimin garin. Alhaji kawai zan riƙa ce masa. Yana da tsohon doki guda ɗaya, wani kili da ya haura shekara 15, irin dokin nan da ko yaro ka ɗora masa zai kai shi filin idi ya dawo da shi gida lafiya, sai dai ƙarfi ya fara ja baya, kuma babban ɗan Alhaji ya kai munzalin da yake son nasa dokin na kansa.

A watan Janairu 2023 Alhaji ya yi aike Maigatari, kasuwar nan ta ranar Alhamis a jihar Jigawa, bakin iyakar Nijar. Ta waya aka yi cinikin, dillali ya turo bidiyo a WhatsApp ana zagayawa da dokin, wani bikili mai dogon wuya da ɗan turarren goshi irin na dawakin Dongola, gaskiya kyau kam ba a magana. Dillali ya ce shekararsa huɗu kuma an riga an fara hawansa. Aka biya, aka loda shi a mota, ya iso da daddare. Ba wanda ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, a can ko a nan.

Ga yadda aka ajiye shi. Turke a ƙarƙashin rumfar kwano a farfajiyar gida, ɗaure dare da rana, ba ya sauka daga turken sai in za a hau shi. Abinci kuwa Alhaji mai hatsi ne, ba ya ƙyashi: gero da dusa safe da yamma, wanda da aka zo aka ɗora a sikeli daga baya ya haura kilo 4 a rana, sai harawa 'yar kaɗan da daddare. Ruwa sau biyu a bokiti. Mai kula da shi wani yaro ne ɗan shekara 16 da ya taso yana yi wa tsohon kilin hidima, yana da ƙoƙari amma bai taɓa horar da sabon doki ba.

## Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu 2023: shirin gaggawa

Burin a fili yake, a hau dokin a ƙaramar Sallah. Wata uku ke nan ba cikakku ba. Sati na biyu da zuwansa aka ɗora masa sirdin tsohon kilin, sirdin katako na gargajiya, aka sa masa linzamin gargajiya, mai harshen ƙarfe da ke tashi ya tokare ganɗa in an ja, da zoben da ke zagaye haɓa. Wannan linzamin a hannun gwani ba a jansa ma, da ɗan yatsa ake taɓa shi, shi ya sa kake ganin doki na sukuwa ya yi zamiya a gaban sarki ya tsaya cak. A hannun wanda bai ƙware ba kuwa wani abu ne daban.

Alamu sun fara tun makon farko na hawan. In aka nufo shi da linzami sai ya ɗaga kai sama ya datse haƙora, sai mutum biyu sun taru, ɗaya ya murɗe kunne ɗaya ya cusa. In an hau shi yana ta wurga kai, baki buɗe, wani lokacin kumfar bakin da ɗan ja-ja a ciki. In an ɗaure majayi sai ya lanƙwasa baya ya kai cizo. Duk wanda ya gani sai ya ce ai ƙuruciya ce da ƙoshi, zai daina.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, ga zafi, sai kilisar ma ta ragu, daga kusan kullum ta koma sau biyu a mako, bayan la'asar, ita ma minti ashirin ko talatin. Geron kuwa ba a rage ba, ƙari ma aka yi wai don ya yi sheƙi ranar Sallah. Kayan ado, wato jalala da ɗan ƙirji da sauran tarkacen masu ƙyalli da ƙararrawa, ba a taɓa gwada masa su ba sai ana jajibiri. Ganga ko bindiga kuwa bai taɓa ji kusa ba.

## 21 ga Afrilu 2023: ranar Sallah

Daga gida zuwa ƙofar hakimi an je, da zagage biyu riƙe da shi, yana ta rawar jiki gumi na zuba tun kafin rana ta ɗaga. Matsalar ta zo ne da aka sauko daga idi, makaɗa suka matso, 'yan bindigar hakimi suka saki harbi na farko kamar taku ashirin daga inda yake. Dokin ya zabura, ɗan Alhaji da ke kai ya tsorata ya finciki linzami da hannu biyu, dokin ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ya sauko, ya sake miƙewa, a na biyun ne yaron ya zame ta baya ya faɗo a kan hannunsa. Dokin ya ƙwace daga hannun zagi ɗaya, ya ja ɗayan a ƙasa, ya kutsa cikin masu tallan rake da lemo, sai a bakin wata kwata aka tare shi.

Yaron ya samu tsagewar ƙashi a tsintsiyar hannu, an ɗaure shi kusan sati shida. Zagi ya ƙuƙƙuje gwiwa. Alhaji ya biya masu talla ɓarnar da aka yi musu. Dokin ya dawo gida baki na jini, da yanka a ƙafar baya ta hagu. Allah ya kiyaye bai taka ƙaramin yaro ba, don wurin cike yake da yara.

## Mayu da Yuni 2023: abubuwan da aka gwada

Nan fa mashawarta suka yi yawa, duk wanda ya zo jaje sai ya bar tasa.

An fara da ƙarfi. Aka kira wani mai hawa da ya yi suna wajen lanƙwasa dawakai masu tutsu, ya zo da nasa linzamin wanda ya fi na gidan nauyi, da ƙaimi da bulala. Yakan fita da shi bayan gari cikin yashin rafi ya yi ta sukuwa da shi har sai ya kasa ɗaga ƙafa, sannan ya dawo da shi yana tafiya sumui-sumui, mutane na cewa ka ga aiki. Washegari da safe kuwa sai a tarar da dokin ya fi jiya muni. Cikin sati uku ya koyi sababbin halaye biyu da ba shi da su da: harbi in an zagayo ta bayansa, da miƙewa tsaye tun kafin a gama sa ƙafa a likkafa. Mutumin ya karɓi kuɗinsa ya ce wannan dokin mugun iri ne, a sayar.

Sai aka gwada yunwa, wai in ya rame zai yi laushi. Aka janye geron gaba ɗaya rana guda, aka rage harawar ma. Kwana huɗu da haka cikinsa ya murɗa da daddare, yana ta kwanciya yana tashi yana waiwayen cikinsa yana tonon ƙasa, aka kwana ana zagayawa da shi har ya yi kashi da asuba. Doki ba ya iya amai, kuma cikinsa ba ya son canjin abinci farat ɗaya, ko ragi ne ko ƙari. Aka mayar da geron kamar yadda yake.

Aka ɗauko makaɗi aka ce ya zauna gab da turken ya yi ta kiɗa har dokin ya saba. Dokin ya yi ta fizge-fizge har igiya ta yanke masa ƙafa, ranar ta biyu ya tumɓuke turken ɗungurungum. Daga nan ko turmi aka daka a cikin gida sai ka ga ya miƙe kunnuwa yana huci.

Akwai waɗanda suka ce baki ne, dokin ya yi kyau da yawa, aka yi addu'o'i aka yi hayaƙi. Wani ya kawo shawarar a dandaƙe shi, Alhaji ya ce shi ba zai fita hawa a kan dandaƙaƙƙen doki ba. Wani kuma ya ce akwai allurar da ake yi wa doki ranar hawa ya yi lakwas, Alhaji ya ƙi wannan ma, ya ce dokin da ke layi a cikin taro ai ya fi mai tutsu haɗari, kuma ya yi gaskiya.

Babbar Sallah ta zo ranar 28 ga Yuni, aka fita da tsohon kilin shi kaɗai. Alhaji ya fara neman mai saye.

## Yuli 2023: maƙwabci mai karnuka

Bayan katangar gidan akwai wani matashi da ke kiwon karnukan waje, Alsatian biyu da Boerboel ɗaya, yana kai su gasar nunin karnuka in an shirya a manyan birane. Shi da Alhaji gaisuwa ce kawai, don Alhaji ba ya son kare kusa da inda yake alwala, har ma yana cikin masu cewa haushin karnukan ne ya ƙara lalata masa doki.

Yadda yaron nan ke tafiyar da karnukansa ya isa a tsaya a kai, don daga nan mafita ta ɓullo. Da asuba yake fita da su kafin rana ta yi zafi, saboda kare ba ya gumi irin na doki, da haki yake rage zafi, kuma masu kaurin gashin nan zafinmu yana iya kashe su. In sun dawo sai ya bi kowanne da buroshi, ya duba cikin kunne da tsakanin yatsu ko akwai kaska, ya duba farce. Yana da kati na kowane kare da ranakun allura, ta haukan kare duk shekara, da waɗanda ake fara yi wa 'yan kwikwiyo tun suna sati shida zuwa takwas. Kuma kullum, ba fashi, sai ya ɗaga leɓen kowanne ya duba haƙora, saboda a wurin gasa alƙali baƙo ne zai zo ya buɗe bakin kare ya ga yadda haƙoran suka haɗu, ya shafa jikinsa, karen da ya yi gurnani ko ya ja da baya ya faɗi ke nan. Horonsa ba ya wuce minti biyar zuwa goma a zama ɗaya, da 'yan gutsattsarin busasshiyar hanta a aljihu.

Shi ne wata rana ya leƙo ta katanga ana kokawar sa linzami, ya bari sai da Alhaji ya fito masallaci sannan ya durƙusa ya gaishe shi ya ce, "Baba, don Allah in ba za ka ga rashin kunyata ba, an taɓa duba cikin bakin dokin nan kuwa? Ni dai karena in ya ƙi a taɓa masa baki, ciwo nake fara nema kafin in ce taurin kai ne." Alhaji ya ce, "Kai ɗan nan, doki ai ba kare ba ne." Amma da yake mai saye bai zo ba, kuma ko don a samu farashi, bayan kwana biyu ya sa aka kira likitan dabbobi.

Likitan ya yi wa dokin allurar kwantarwa, ya sa ƙarfen buɗe baki, ya haska da tocila. Abin da ya gani ga shi.

Na farko shekaru. Haƙoran gaba na tsakiya sun zama na manya, amma na kusa da su da na gefe duk na nono ne, ƙanana farare. Doki yana canza na tsakiya wajen shekara biyu da rabi, na kusa da su uku da rabi, na gefe huɗu da rabi. Wato dokin nan a Yuli bai wuce shekara uku ba, lokacin da aka saye shi kuwa yana wajen biyu da rabi, daidai lokacin da bakinsa ke tsakiyar canjin haƙora. Ƙashin bayan doki kuma shi ne na ƙarshen ƙosawa, sai wajen shekara biyar zuwa shida.

Na biyu, filin dasashin nan na ƙasa da ba shi da haƙori, inda linzami ke zama, ya yi miki hagu da dama, ɗaya ya kumbura har ƙashi ya yi tauri a ƙarƙashi. Ganɗa ma akwai tabo. Ga wasu ƙananan haƙora biyu da suka fito gaban matauna na sama, irin waɗanda wasu dawakai ke fitarwa, ƙarfe na bugunsu duk sanda aka ja. Ga kuma gefen matauna ya yi kaifi yana yanka kumatu ta ciki. Likitan ya ce wa Alhaji, ranka ya daɗe, wannan kamar a ba mai ciwon haƙori rake ne a ce in bai tauna ba za a zane shi.

Na uku baya. Sirdin kilin ya yi wa dukushin faɗi, sai ya zauna kai tsaye a kan ƙashin da ke tsakanin wuya da baya. Da likitan ya danna wurin da yatsa dokin ya durƙusa duk da allurar da ke jikinsa.

Ya cire ƙananan haƙoran biyu, ya goge kaifin da magagari, ya yi allurar tetanus, ya ba da maganin tsutsar ciki, ya ce ba linzami ba sirdi har sati takwas. Ya zagaya ƙirjin dokin da tef ya ƙiyasta nauyinsa wajen kilo 300, ya ce irin wannan yana buƙatar ciyawa da harawa kilo 5 zuwa 6 a rana, hatsi kuma a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin sati biyu har ya dawo wajen kilo ɗaya, a raba shi biyu. Ruwa a bar shi a gabansa kullum.

## Agusta zuwa Disamba 2023: komawa farko

Alhaji ya fasa sayarwa, ina jin har da jin nauyi. Ya nemo wani dattijo da ya yi shekaru yana aiki a bargar 'yan folo a Kaduna kafin ya dawo gida, kowa Baba yake ce masa. Da Alhaji ya tambaye shi ko dokin zai yi ƙaramar Sallah mai zuwa, sai ya ce, "Alhaji, ba a fafe gora ranar tafiya. In Sallah kake so ka hau kilinka, in doki kake so ka ba ni lokaci."

Abin da ya fara yi ko taɓa dokin bai yi ba. Ya sa aka kewaye wani fili a bayan gida da itace, kamar taku goma sha biyar kowane gefe, aka riƙa sakin dukushin a ciki da rana, kilin kuma ɗaure a gefen shingen ta waje inda za su ga juna su shinshini juna amma ba za su yi faɗa ba, tunda duka biyun maza ne. Doki in an bar shi a sake yana iya yin sa'a goma sha huɗu ko fiye a rana yana kiwo yana taku, to ka auna wanda aka cika da gero aka ɗaure wuri ɗaya wata shida. Damina ce, ciyawa ta wadata. Cikin sati biyu cizon turke da tonon ƙasa suka ragu sosai tun ba a fara wani horo ba.

Sannan aikin ƙasa, da ragama kawai. Minti goma sha biyar da safe, goma sha biyar da yamma. Abin da Baba ya dage a kai, ya kuma yi ta nanata wa yaron bargar da ɗan Alhaji har suka gaji da ji, shi ne sakin hannu. Ka ja igiya a hankali, da zarar dokin ya ɗaga ƙafa ɗaya zuwa gaba ka saki nan take, ba bayan ya yi taku uku ba. Ka danna ƙirjinsa, ya ja baya taku ɗaya, ka ɗauke hannu. A cewarsa doki ba daga ja yake koyo ba, daga sakin yake ganewa cewa abin da ya yi shi ne ake so, kuma duk watannin baya ba a taɓa sakar masa ba, in ya tsaya ana ja in ya tafi ana ja, to ta ina zai gane. Na tsaya na kalli wannan aikin wata safiya, wallahi in ba ka lura ba sai ka ce ba abin da ake yi, tsoho ne kawai tsaye da igiya a sake yana magana ƙasa-ƙasa, dokin na lasar leɓe yana sunkuyar da kai.

Baki ya fi ɗaukar lokaci. Mikin ya warke tun Satumba amma tsoron bai warke ba. A nan aka ari dabarar mai karnuka kai tsaye: kullum a shafa hanci, a ɗaga leɓe, a sa yatsa a gefen baki inda babu haƙori, a cire, a ba shi ɗan dunƙulen dusa da aka kwaɓa da ruwan rake. Sai da aka yi kusan sati uku ana haka kafin aka kawo linzami, shi ma ba na da ba, irin na 'yan folo mai santsi mai gaɓa a tsakiya, aka shafa masa zuma. Rana ta farko minti biyu ya yi a bakinsa aka cire.

An samu koma baya sau ɗaya a Oktoba. Baba ya yi tafiya ta kwana biyar, ɗan Alhaji ya ga doki ya yi laushi ya ɗauko tsohon sirdin ya ɗora, dokin ya yi tutsu ya watsar da shi, aka yi kwana goma ko bargo ba ya yarda a ɗora masa. Bayan haka ne Alhaji ya kira baduku da masassaƙi suka auna bayan dokin aka yi masa nasa sirdin, mara nauyi, da zubka mai kauri, yadda yatsu uku za su shige tsakanin sirdi da ƙashin nan. A wurin tsohon ciwon kuwa farin gashi ya fito, yana nan har yau.

Tsakiyar Nuwamba aka fara hawa. Yaron bargar ne ya hau don shi ne mara nauyi, Baba na riƙe da ragama, tafiya kawai, minti goma. Zuwa ƙarshen Disamba yana fita kilisa bayan kilin, tafiya da sassarfa, rabin sa'a zuwa minti arba'in, kwana biyar a mako. Ba sukuwa.

## Janairu zuwa Afrilu 2024: ganga, bindiga da taro

Nan ma mai karnukan ya yi rana. Shi yana sa wa 'yan kwikwiyonsa ƙarar lasifika da hayaniyar taro a waya, ƙasa-ƙasa, lokacin da suke cin abinci, yana ƙara sautin kaɗan-kaɗan. Ya kawo 'yar sifikarsa aka sa bidiyon hawan Sallah ana kunnawa daga nesa duk sanda aka zuba wa dokin abinci. Ƙa'idar ita ce in ya daina tauna ya ɗaga kai, sautin ya yi yawa, a rage. In yana ci yana kaɗa jela, gobe a ƙara.

Bayan sati biyu aka dawo da makaɗin nan na da, amma wannan karon daga can ƙarshen layi ya fara, kilin na tsaye kusa da dukushin yana cin harawarsa ko a jikinsa. Kowane kwana biyu makaɗi ya matso taku goma. Daga baya Baba ya juya abin, ya sa makaɗin ya riƙa tafiya gaba dokin na binsa a baya, ya ce abin da doki ke kora ba ya jin tsoronsa kamar abin da ke nufo shi. Haka aka yi da laima, da babbar riga ana kaɗa ta, da ƙararrawar ɗan ƙirji, kowanne ta hagu sannan ta dama.

Bindiga ce ƙarshe. An nemi izini, aka je bayan gari da ɗaya daga cikin 'yan bindigar hakimi, ya fara harbi daga nisan da ya kai filin ƙwallo biyu. Zama shida aka yi cikin wata ɗaya. A na ƙarshe, daga taku talatin, dokin ya zabura taku biyu ya tsaya da kansa. A wannan tsakanin haƙoran kusa da na tsakiya suka faɗi, daidai lissafin likita, aka ɗaga masa linzami na sati ɗaya.

Ƙaramar Sallah, 10 ga Afrilu 2024, an fita da shi amma ba a hau shi ba. An yi masa ado, Baba ya ja shi a ƙarshen tawaga bayan kilin, da aka zo wurin da taro ya fi matsewa ya kauce da shi ta wani lungu ya dawo gida. Wasu sun yi dariya, wai Alhaji ya sayi doki yana yi masa rakiya.

## 16 ga Yuni 2024: babbar Sallah

Ɗan Alhaji ya hau shi daga gida zuwa idi zuwa ƙofar hakimi ya dawo, wajen sa'a uku, zagi ɗaya a gefe, kilin a gaba. Da linzamin folo aka fita, an dai lulluɓe shi da adon gargajiya yadda ba mai ganewa sai ya matso. An yi harbi sau da dama, ya razana a biyu na farko, yaron ya sassauta hannu maimakon ya ja, dokin ya yi 'yar rawa ya daidaita. Ba a yi sukuwar jafi da shi ba, Baba ya hana. Da aka dawo aka duba baki da baya, ba jini ba kumburi.

## Abin da nake gani

A ganina abu huɗu ne suka haɗu tun farko, kuma ba taurin kai a cikinsu: ciwo a baki da baya, shekarun da ba su kai ba, gero mai yawa ga dokin da ba ya motsi, da ranar Sallah da aka sa a gaba aka ce dole sai an cim mata. Duk abin da aka gwada a Mayu da Yuni ya faɗi ne saboda an ɗauka dokin ya san abin da ake so yana ƙi. Mai ƙaimin nan bai yi ƙarya ba da ya ce yana gajiyar da doki, gajiya dai ba horo ba ce, da safe ƙarfin ya dawo, ciwon ya ƙaru, ga sabon dalilin tsoron mutum. Makaɗin ma shi ne dai mutum ɗaya da ganga ɗaya a Yuni da Janairu, bambancin nisa ne da kuma ko dokin na da damar ya natsu kafin a matso.

Wanne ya fi aiki a cikin gyare-gyaren, ni na fi ba duba bakin nan da rage gero, don ba na jin haƙurin Baba zai yi tasiri a kan miki. Amma likita shi kaɗai ma da bai isa ba, shaida ita ce abin da ya faru a Oktoba, baki ya warke sarai amma kwana biyar na rashin Baba suka mayar da aiki baya. Ban kuma ɗora wa linzamin gargajiya laifi shi kaɗai ba, kilin da shi ake hawansa shekara da shekaru bakinsa lafiya, sai dai ba linzamin fara koyo ba ne, kuma ba na hannun yaro mai tsoro ba ne.

Akwai abin da bai gyaru ba. Har yanzu in baƙo ya nufo kansa da sauri sai ya ɗaga, kunnen da aka riƙa murɗewa ba ya yarda kowa ya taɓa sai yaron bargar, kuma babur in ya taho ta baya da gudu yana sa shi zabura. Alhaji na son a mayar da shi kan linzamin gargajiya don ya koyi zamiya, Baba ya ce sai haƙoran gefe sun gama fitowa ya cika biyar, kuma shi zai fara riƙe linzamin da hannunsa kafin ya miƙa wa kowa. A kan haka suka tsaya.